Akuya Mai Tsallake Rijiya

A siber ɗin bakin tashar Dakoro, Kadija na kallon wata mata mai gilashi ɗaure da zare, tana koya wa manyan mata huɗu rubuta kod a ordinatar ɗaya.

Mai siber ya ce, "Madam, ku tashi da wasan yaranku, masu aiki na zuwa."

Matar ta miƙe, muryarta na rawa. Ta buɗe wani tsohon wasa a intanet, akuya tana tsallake rijiya. "Shi na fara rubutawa, Alhaji, kuma shi ya kai ni jami'a. Ba mu gama ba."

Ran Kadija ya ɓaci. Da gani ba yau aka fara raina matar nan ba. Ta jawo kujera. "Madam, yaya ake sa ta tsalle?"