Hure, Wadda Ba Ta Cika Sharaɗi Ba

Har yau ban manta da wata ranar Alhamis ba, cikin damina, lokacin ina ƙaramar jami'ar jinya a sashen jarirai na wani asibiti a Gusau. Tunda sababbinku suna tambayar yadda aka yi zaman iyaye ya koma yadda kuka same shi, bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

Ga wanda bai san aikinmu ba, sashen jarirai shi ne inda ake kwantar da bakwaini da yaran da aka haifa da matsalar numfashi ko shawara mai tsanani. Wasu a sa su a kwalba, a ba su iskar oksijin, a riƙa ɗura musu nonon uwa ta siririyar robar hanci. Akwai na'urar da ke ƙara da zarar numfashin yaro ya yi ƙasa. In ya kai nauyin da likita ke so, kuma yana kama nono da kansa, sai a sallame shi. A nan ne wata wahalar take farawa, don a gida babu na'ura, babu nas.

Wannan ya sa shugabar sashenmu, Metiron Hajiya Luba, ta kafa zaman iyaye. Duk Alhamis, ranar da ake kawo yaran da aka sallama awo, mukan shimfiɗa tabarmi a barandar bayan sashe. Iyayen da suka riga suka wuce wannan hali su zo su zauna da sababbi, kowace sabuwa a haɗa ta da wadda za ta riƙa kiranta a waya. Sharaɗin ɗaya ne: ba a haɗa sabuwar uwa sai da wadda ɗanta ya rayu har ya shekara. Ni aka ɗora wa aikin haɗawar.

Hure Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Bungudu, tana kawo nono gari. Ta haifi bakwaini a wurinmu, ya daɗe a kwalba, muka sallame shi lafiya. Bai cika wata a gida ba ya rasu. Bayan wasu watanni sai ga ta a baranda, ta ajiye ƙwaryarta, ta ce tana so ita ma a ba ta wadda za ta riƙa dubawa. Na kai maganar ga Metiron.

"Sista Rabi," in ji ta, "matar da ke cikin tsoro za ki haɗa da wadda abin da ake tsoron ya faɗa wa? Ta zo ta zauna, ba mu kore ta ba. Amma ba za a ba ta kowa ba."

Na faɗa wa Hure. Ta ce to. Ta ci gaba da zuwa duk Alhamis ɗin da ta shigo gari, tana zama a ƙarshen tabarma, tana taya riƙon yara, ba ta cika magana ba.

A lokacin muna da wata yarinya daga Tsafe, Sa'adatu, haihuwar fari. Ɗanta Sani ya fita daga kwalba lafiya lau, amma tun da aka sallame su ba ta zauna ba. Bayan kwana biyu ko uku sai ta shigo mota ta taho, ta ce numfashinsa ya sauya. Likita ya duba bai ga komai ba, ta koma, ta sake dawowa. Na haɗa ta da wata Hajiya ta Tudun Wada mai tagwaye ƙosassu. Matar ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma Sa'adatu ta daina ɗaukar wayarta. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Nata sun rayu, Sista. Mi ta sani?"

Ranar Alhamis ɗin da nake ba ku labari, awo ya nuna Sani bai ƙaru ba. Nonon uwar ya ja baya, ita kanta ta rame, idanunta sun zurma. Likitan yara ya ce in mako mai zuwa haka ne, za a sake kwantar da shi. Mijinta Malam Lawali, ɗan kasuwar hatsi, ya tare ni a ƙofa.

"Sista, kin san yadda hanyar ga take yanzu da 'yan bindiga. Ba ta barci, ba ta barin kowa ya taɓa shi, ko Innata. Na gaya mata, in ta sake fitowa da yaron ga ba ranar awo ba, ta wuce gidansu da shi."

Na koma baranda na ci gaba da awo. Sa'adatu tana jingine da bango, tafin hannunta a kan ƙirjin yaron, ba ta gaisa da kowa ba. Ina kallo Hure ta matsa kusa da ita.

"Ƙanwata, yaushe rabonki da barci?"

"Yaya, in na rufe ido, wa zai gani in numfashinsa ya tsaya?"

"Ni ma haka na yi."

Sa'adatu ta ɗago kai. "Naki ina yake?"

Na miƙa wa wata uwa ɗanta na nufo su, amma kafin in iso Hure ta amsa.

"Ya koma."

Sa'adatu ta ƙanƙame yaronta, ta ce, "Barci ya ɗauke ki?"

"A'a. Da rana tsaka ne, yana bisa cinyata, idona biyu a kansa. Tun da muka bar asibitin ga ban yi barcin kirki ba, kallonsa kawai nake yi, kuma kallon bai riƙe shi ba. Abin da su Sista suka ce in lura da shi kuwa, gajiya ba ta bar ni na gani ba. Ya kwana biyu yana ƙin nono, jikinsa ya yi sanyi, ni kuma ina ta bin numfashi." Ta faɗi wannan kamar mai faɗin farashin nono. Sannan ta ce, "Naki yana sha?"

"Yana sha."

"Jikinsa da ɗumi?"

Sa'adatu ta taɓa. "Da ɗumi."

"To ba ni shi. Na karɓi tsaro. In ya motsa ba daidai ba, ga Sista nan."

Sa'adatu ta dubi Hure, sannan ta miƙa shi. Hure ta wanke hannu, ta ɗaure shi a ƙirjinta fata da fata yadda muke koyarwa. Sa'adatu ta kwanta a tabarma riƙe da gefen zanen Hure. Kafin in gama awon yaro na gaba ta yi barci.

Na je na shaida wa Metiron duk abin da aka yi. Ta zo ta tsaya a bakin baranda, ta dube su. Abin da ta ce kawai shi ne a gaya wa masu shara su bar wurin sai gobe, a kuma ce wa Malam Lawali ya jira. Sa'adatu ta tashi sau ɗaya ta ba da nono, ta koma. Ba ta farka sosai ba sai bayan la'asar. Nonon Hure kuwa ranar bai ga kasuwa ba.

Kafin su tafi, likita ya tura Sa'adatu wurin likitan da ke duba damuwar bayan haihuwa. Muka zaunar da Malam Lawali, aka tsara yadda mahaifiyarsa da ƙanwarsa za su riƙa karɓar yaron ita ta kwanta. Hure ba ta da waya, ta ba da lambar mijinta. Mako na gaba nauyin Sani ya motsa. Sa'adatu ba ta warke lokaci ɗaya ba, ta ƙara zuwa sau ɗaya ba ranar awo ba, amma mijin ne da kansa ya kawo ta. Da muka je Tsafe bibiyar yara bayan kaka, na tarar da Sani a bayan kakarsa, uwar tana tankaɗe.

Metiron ta gyara sharaɗin da kanta. Uwar da ta rasa ɗa tana iya shiga, amma sai Metiron ta zauna da ita tukuna, kuma sai an gaya wa sabuwar uwa gaskiya ta zaɓa. Da yawa sun ƙi Hure. Wata ma ta janye ɗanta da ta ji labarin. Hure ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mu ma'aikata mun iya koya wa uwa yadda za ta sa ido, amma ba wanda yake ce mata an yarda ta rufe shi. Kuma matan da suka fita daga sashenmu suka rasa yaran, su ma namu ne. Shi ya sa har gobe, in zan sallami uwa, bayan na gama gaya mata alamomin haɗari sai in tambaye ta, "Wa zai karɓe ki in kin gaji?" In ta yi shiru, ba na sa hannu sai an kira mini mijin.