Memorin Surukin Gwadabe

Duk wanda ya yi kiwo tsakanin Rano da Kibiya ya san Malam Gwadabe, ko da bai so saninsa ba. Malamin allurar shanu ne har ya yi ritaya, dogo, mai faɗan tsiya, wanda ƙuruciyarsa ta ƙare a kan babur yana bin rugage da jakar magani. Wa'azinsa ɗaya ne, makiyaya sun haddace shi har suna kwaikwayonsa in ya juya baya: saniyar da aka sayo a kasuwa ba a sakinta cikin garke, sai an ɗaure ta gefe an ga lafiyarta. Wanda ya ƙi ji, ranar da ciwon huhu ya faɗa wa shanunsa Gwadabe zai zo, amma sai ya wanke shi tas kafin ya buɗe jaka.

To wannan mutumin ne cuta ta riƙa shigar wa har ɗaki, yana ji yana gani.

Bayan rasuwar matarsa Kulu, 'yarsu Maijidda ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta ta cinya daga Kano. Ta zuba masa karatuttukan malamai, ta kuma kwashe saƙonnin muryar da Kulu ta riƙa tura masa, daga wayarsa da ta fara hauka, ta adana a ciki. Wayar ta mutu ba da daɗewa ba. Saƙonnin ba wasu abin kirki ba ne: a sayo daddawa, kada a manta kanwa, wa ya ɗauke mata tsintsiya. Amma muryar Kulu ce, kuma duk duniya babu ita sai a nan. Gwadabe bai taɓa gaya wa kowa ba, amma ya fi son akwatin nan da babur ɗinsa.

Sai Bappa Ubaidullahi ya gano hanya. Shi ne mahaifin Kulu, dattijon Bafillace daga wajen Zinyau, kuma Kulu ce 'yarsa ta fari. Saboda alkunya bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ko a zaman makoki kansa na ƙasa, ana yi masa ta'aziyya yana tambayar farashin dusa. Wata rana ya tarar da Gwadabe yana sauraron saƙonnin nan, ya gaisa ya wuce. Ranar kasuwa ya yi sallama, ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da memori ɗan ƙarami kamar farce.

"A ɗan zuba min karatu, na rediyo."

Wa zai ce wa surukinsa a'a? Gwadabe ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya soka, ya zuba. Washegari kwamfuta ta fara tafiyar hawainiya, fayiloli suka koma wasu 'yan alamomi masu kibiya, in ya danna babu abin da ke buɗewa. Ya naɗe ta a darduma sai shagon Munzali, mai gyara a bakin tasha, magidanci mai furfura da gajeren haƙuri.

"Bairos ne, Malam, cutar kwamfuta. Me ka soka mata?"

"Memori ne kawai, na karatu."

"Ai bairos bai san karatu ba."

Munzali ya kashe intanet, ya sa maganin bairos ya bi ta lungu lungu, ya tono fayilolin da aka ɓoye, ya sabunta maganin. Sannan ya kafa sharaɗi: kada a ƙara soka abin da ya shiga kwamfutar wani sai an duba shi, kuma a ajiye kwafin abin da ake ji da shi a wani wurin. Gwadabe ya ji haushi ƙwarai, don kuwa wa'azinsa ne ake karanta masa. Ya dawo gida ya yi kwafin, ya ajiye shi a wani wurin kamar yadda aka ce, wato wata folda, cikin kwamfutar dai.

Kasuwa ta zagayo, Bappa ya zagayo.

"Ya goge," in ji shi, yana miƙo memorin.

Gwadabe ya karɓa. Tun daga lokacin ya ɗauki wata al'ada: da ya zare memorin, sai ya yi maza ya kunna muryar Kulu don ya tabbatar tana nan. Bappa yana zaune a tabarma yana kallon bango yana jan carbi, har ta gama, sannan ya nemi takalmansa. Kwana biyu kuma a naɗe kwamfuta a darduma.

Haka aka yi ta yi tun daga shuka har aka fara yankan gero. Memorin nan kullum a goge yake! Gwadabe ya yi ta masifa, amma da bango yake yi, da akuya, da duk wanda tsautsayi ya sa ya gaishe shi a hanya. Mutumin da ya tsaya tsakiyar ruga ya yi wa ardo tsawa, ga shi ya kasa buɗe baki gaban tsoho mai sanda. Munzali kuwa da ya hango dardumar sai ya dafe kai.

Zuwan ƙarshe ba a yi dariya ba. Munzali ya daɗe yana danne danne, sannan ya ɗago.

"Wannan karon ba ɓoyewa ya yi ba, ci ya yi. Da na asalin da kwafin naka. Haba Malam, ka raba garke ka bar su a shinge ɗaya? Saƙo ɗaya na ceto. Zan sa a taho min da filashi mai kyau daga Kano mu ajiye saƙon a ciki, na nan duk jabu ne. Kafin nan, ko limamin gari ne ya kawo memori, kada ka soka."

Gwadabe ya tuƙa babur zuwa gida idonsa jawur. Daddawa ta tafi, kanwa ta tafi, tsintsiya ta tafi.

Kafin filashi ya iso, kasuwa ta riga shi. Bappa ya zauna, ya kwance bakin rawani. Gwadabe ya durƙusa, amma hannuwansa suna kan gwiwa. Bai san yadda ake hana suruki ba, sai ya faɗa da harshen da ya iya.

"Bappa, a gafarce ni. Abin nan yana shan ruwa a mashayar kowa. In ya shigo, garken yake kashewa. Saura guda ɗaya tak."

Tsohon ya dubi memorin a tafin hannunsa.

"Wurin mai cajin waya nake kai shi," ya ce a hankali. "Shi yake goge min."

"Goge muku? Ku kuke sa a goge?" Muryar Gwadabe ta ɗaga har ya ji kunyar kansa. "To me rediyon yake karantawa?"

"Rediyon ya lalace tun bara."

Gwadabe ya buɗe baki, faɗan wata da watanni yana kan harshensa, sai ya ga inda idon tsohon yake. Ba bango yake kallo ba yau, kwamfutar yake kallo. Bappa ya mayar da memorin cikin rawani ya ƙulle, bai nemi takalmansa ba.

"Gudan da ya saura," ya ce, "wanne ne?"

Gwadabe ya jawo kwamfutar ya danna, muryar Kulu ta cika ɗakin, da ƙarar turmi a bayanta.

"Malam, in za ka dawo ka biyo ta Zinyau ka duba Bappa, an ce ƙafar ta tashi. Kada fa ka ce ni na aiko ka."

Carbin ya tsaya a hannun tsohon. Ya jawo bakin rawani ya rufe fuskarsa.

"A ƙara," ya ce.