Tulun Gilashi Mai Dogon Wuya

Tun da Inna ta rasu, Baba bai ƙara cin abincin gidan kowa ba, har da nawa. Mahauci ne, ya tsufa a kan sana'ar, ga shi da tsantseni mai gajiyar da mutane: sai ya san wa ya yanka, wa ya wanke, a me aka zuba. To a wani azumi da ya faɗo cikin tsakiyar zafin Garwa, sai ya aiko babban wana ya ce zai zo shan ruwa gidana a unguwar Pumpumre. Murna ta kusa kashe ni, amma na san halinsa. Idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, takalminsa zai sa ya tafi bai ce uffan ba, kuma ba zai dawo ba.

Zoɓo na yi niyyar ba shi, wanda a nan muke kira folere, na kuma rantse ba zai shiga roba ba. Roba tana riƙe wari, ƙudaje kuma ba sa barin bakinta. Na shiga kasuwa da bakin azumi, na bi shagunan da ke sayar da tsofaffin kayan Turai, na ɗaga wannan na ajiye wancan. Wani bakinsa ya cika faɗi, wani ya tsage a gindi. Can na hango wani tulun gilashi a bayan wasu farantai: gindi mai faɗi, wuya dogo siriri, da murfinsa na gilashi. Ƙuda ba shi da hanyar shiga, kuma zai zauna daram a cikin kwanon ƙanƙara.

Mai shagon, wani saurayi ɗan Kudu, ya dubi hijabina ya gaya mini da Faransanci cewa wannan fa na giyar inabi ne, Turawa ke juye ta a ciki ta sha iska. Na ajiye shi kamar ya ƙone ni. Na zagaya kasuwar kaf ban ga na biyunsa ba, na dawo na ce ya naɗe mini. A hanya na biya wurin malamin unguwarmu na tambaya. Ya ce gilashi ba ya tsotsar komai, in an wanke shi da kyau ya tsarkaka.

Wankin ne aiki, don hannu ba ya shiga. Na zuba yashin kogin Binuwai da toka da lemun tsami, na yi ta girgizawa har kafaɗata ta yi tsami, na ɗauraye, na sake, na kife shi a rana.

Ranar, Yaya, babban wan nawa, ya riga Baba isowa. Shi yana kai nama otal-otal, ya san abin sarai. Ya ga folere jawur a ciki, ya dafe kai, ya ce wallahi babu abin da ya raba shi da wanda ake ajiye wa baƙi a teburin otal. Ya ce in juye a roba, in ɓoye tulun, Baba ba sai ya sani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Yaya, ba zan shayar da Baba a kan ɓoye-ɓoye ba," na ce. "In zai ƙi, ya ƙi a gabana."

Ya ce to kada in zo masa da kuka.

Baba ya iso ana dab da kiran salla, ya zauna a tabarma. Na ɗauko tulun da hannu biyu na durƙusa. Na gaya masa komai, inda na saye shi, abin da aka ƙera shi dominsa, da abin da malam ya ce. Yaya ya kafa wa ƙasa ido.

Baba ya karɓa, ya cire murfin, ya shinshina yadda yake shinshina naman da bai yarda da shi ba. Ya ɗaga shi saitin haske ya duba gindin. Sai ya gwada sa yatsa a wuyan, ya tambaye ni yadda aka yi wanki ya kai ƙasa. Na faɗa masa. Ya ajiye tulun a gefensa.

Aka kira salla. Ya ci dabino, ya yi addu'a, ya kurɓi ruwan randa. Ni dai ina durƙushe, idona a kan takalminsa da ke bakin tabarma. Sannan ya miƙo mini kofi.

Na zuba masa. Ya shanye tas, ya sa na ƙara, ya miƙa wa Yaya, wanda ya karɓa da hannu biyu ya sha bai ɗago ba. Baba ya share baki ya tashi zai tafi masallaci. A ƙofa ya juyo.

"Uwata, ki rage sukari. Gobe ma a nan zan sha ruwa."