"Kai Ni Gida," In Ji Adda Rifkatu

Damina ta tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan je coci in sa a yi addu'a, in dawo in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu mutanen kudancin Adamawa ne, aiki ya kawo mu Jimeta, ni ma'aikacin gwamnati, ita malamar firamare. Da mijinta ya rasu, ga shi Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta ce za ta je ta taimaka a wata cibiya ta coci da ke bakin gari, wata uku kawai, kafin zuciyarta ta kwanta. Wurin masauki ne na mutanen ƙauye da suka kawo majinyata asibiti ba su da inda za su sa haƙarƙari, ana kuma koya wa gwauraye ɗinki da karatu. Wata ukun nan ya zama shekara goma sha bakwai. Ta ajiye alli, ta tare a ɗakin da ke jikin kicin, gado ɗaya, akwatin ƙarfe ɗaya, albashi babu. Aikin sa kai suke ce masa. Ni kuwa nakan ce mata, ba kai kaɗai kika sa ba, har da wuya da ƙafafu.

Adda kowa yake ce mata, yadda ake kiran babbar yaya a Yola, har fasto mai furfura, har matan maƙwabta Musulmi da ke shigowa ɗiban ruwa. Kada wani ya zaci mace ce mai sanyi. A kan tsintsiyar da aka yar a tsakar gida sai ta yi faɗan rabin awa. Amma ta san wanda bai ci abinci ba ko da ya rantse ya ci. Shekarar da mutane suka gudo daga rikicin arewacin jihar, ta ba wata mai jego gadonta, ta koma kan benci har wahalar ta yaye.

Ban taɓa son zamanta a can ba, kuma ban ɓoye mata ba. Da na gina gida a unguwar Bako na ware mata ɗaki da banɗaki, har fanka na sa. Ta zo ta leƙa, ta sa albarka, ta sha ruwa, kafin la'asar ta miƙe. "Bitrus, bari in koma gida, akwai baƙi daga Ganye." Na ji abin da ta kira gida. Ba sau ɗaya na ji ba, ba sau goma ba.

Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta ta yi mako uku a asibiti, har likita ya ja ni gefe ya ce sai dai addu'a. Ranar da aka sallame ta, ta kama hannun rigata ta ce, "Kai ni gida."

A danginmu gida ɗaya ne, inda kabarin ubanka yake, kuma babu abin kunya kamar a ce naku ya mutu a hannun bare. Na ɗauki shatar mota, muka kwantar da ita a kujerar baya. Da muka iso mararrabar da ake juyawa zuwa cibiyar, direba ya rage gudu ya dube ni, don shi ma ya san Adda. Tana barci. Na ce masa ya miƙe.

Sai da muka yi nisa ta farka.

"Bitrus, ina ne nan?"

"Mun wuce Ngurore, Adda. Gida za mu."

Ta daɗe tana kallon gonakin masara ta taga. Can ta ce, "Ban yi musu sallama ba," ta rufe ido. Ko kalma ɗaya ta faɗa ba ta yi mini ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ta yi a ƙauye ta rasu. Daga baya na ji cewa a ranar da muka tafi matan cibiyar sun share ɗakinta, sun dama mata kunun gyaɗa, suna ta leƙen ƙofa har kunun ya huce. Ranar jana'iza suka cika bas suka zo. Danginmu suka karɓe su da mutunci, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro, wurin baƙi. Mu dangi muka zuba ƙasa a kabari, har da waɗanda rabonsu da ganinta ya fi shekara goma.

Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce rashin fahimta ne: ta ce gida, na kai ta gida. Wasu har yaba mini suka yi. Ƙarya nake yi. Na san gidan da take nufi. Bakin mutanen ƙauye na ji tsoro, na kuma yi amfani da barcinta na ci gardamar da na kasa ci tana da lafiya. Wannan shi ne abin da ke cina.

Makon jiya na je cibiyar, karo na farko tun rasuwarta. An zagaye ta da katanga, an sa sola, ɗakin Adda ya zama ma'ajiyar kujerun roba. Masu aikin sa kai na yanzu matasa ne, mako biyu su yi hotuna su tafi. Da tana nan da ta wanke su tas a kan latsa waya, sannan ta ƙara musu tuwo. Ina shiga wata budurwa ta miƙo mini kwano tun kafin ta tambayi sunana. Na ce na ƙoshi, ta ce a nan ba a tambayar baƙo daga ina yake, ko wane addini yake bi, sai ya ci. "Haka Adda ta bari," in ji ta, alhali ko hoton Adda ba ta taɓa gani ba. Babu allo mai sunanta a bango, amma dokarta tana nan tana ciyar da mutane.

Na tarar da Mama Liyatu, mai girkin da suka fara aiki tare da Adda, zaune a kujerar tsuguno tana tsince wake. Ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ba kuskure na yi ba. Na san nan take nufi."

"Mun sani, Bitrus," ta ce, da Hausarta ta Jimeta da ba ta raba mace da namiji. "Direba ya gaya mana tun ranar. Wannan mun bar wa Allah. Abu ɗaya ne nake so in ji. Ni da Adda mun yi alkawari, wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi. Har farin zane na ajiye. Wa ya wanke shi?"

Ranar ina waje ina fama da masu haƙa kabari. Na dai ga wasu mata biyu sun shiga ɗakin da bokiti. A shekara tara ban taɓa tambayar ko su waye ba.

"Ban sani ba, Mama."

Ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga cikin faifan wake. "To, ka tambayo mini," ta ce. "Ina so in yi musu godiya kafin in tafi."