Fasfon Ɗana a Aljihuna

Shekara ashirin da biyu na yi ina jan mota tsakanin Maigatari da Damagaram, kafin ciwon baya ya sauke ni aka ba ni kujera a tasha. A aikinmu akwai tsarin da ba a karyawa. Kafin mota ta tashi kowane fasinja zai miƙo takardarsa, direba ya haɗa su ya ɗaure da roba ya sa a aljihun gaba. In an zo shinge, direba ne zai sauka ya yi magana. Fasinjan da ya riƙe tasa shi ne ke mance ta a wurin alwala, ko ya buɗe baki inda bai kamata ba ya tsayar da mota sa'a guda. Don haka ni a sanina, takarda a hannun babba take zama.

Da ɗana na biyu ya samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Masar, na zaunar da shi a zaure ana jibi zai tafi. Ni iyakata firamare, amma ban taɓa tayar da mota ban duba mai da ruwa da taya ba, ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi masa. Na farko, salla. Na biyu, ya san hanyar makaranta kafin ya san ta kasuwa. Na uku, ya bi abincinsu a hankali har cikinsa ya saba. Na huɗu kuwa, akwai ɗan wani aminina dillalin hatsi a Gagarawa, wanda ya shekara uku a can yana karatun likita. Na ce ranar da ya sauka ya miƙa masa fasfonsa ajiya.

Ya ce, "Baba, an ce kowa ya riƙe nasa."

"Wa ya ce?"

"Takardar da makaranta ta aiko."

"Makarantar ta taɓa tsallaka iyaka? Kai da ka baro takalminka a filin Idi ka dawo gida ƙafa ba komai, kai za ka riƙe fasfo?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ya ce to.

Bayan wata goma sha ɗaya ya kira ni. Ya ce izinin zaman da aka buga masa a cikin fasfon na shekara guda ne, kuma makaranta ba za ta yi masa rajistar shekara ta biyu ba sai ya sabunta shi. Yana so ya je ya karɓo. Na ce ba a zuwa wa babba da maganar ajiya kamar ana zarginsa. Wanda ya riga ka zuwa ya fi ka sanin lokaci, in ya yi zai kira ka. Bayan mako biyu ya sake kira. Ina cikin raba faɗan lodi a tasha, na ce masa, "Na gama magana," na kashe.

Cikin satin aminina na Gagarawa ya rasu. Na je jana'iza, na koma ranar sadakar uku. Ɗan nasa ya iso daga Masar a daren da ya gabata. Da aka shafa addu'a ya zo ya durƙusa, ya ce yana son magana da ni. Muka zagaya bayan rumbu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da koren littafi.

"Baba, wallahi sai da safen nan da na zazzage jaka na gan shi. Da aka yi min waya jakar takarduna kawai na sura na fito."

Na buɗe. Hoton ɗana ne, da hular da na saya masa. Ɗana yana Masar, fasfonsa yana hannuna a Gagarawa.

Ya juya min wani shafi ya ɗora yatsa a kan kwanan wata. Ya ce saura kwana shida izinin ya ƙare, rajista kuma za a rufe ta ƙarshen mako mai zuwa.

"Tun ranar da ya kawo na ce masa ba a yin haka. A can ko shago za ka, da kwafin naka kake fita. Watan jiya ma na ce ya zo ya karɓa, ya ce sai Baba ya ba da izini."

Mutumin da ya rasa uba kwana uku da suka wuce, shi ne yake ba ni haƙuri. Shi ne babba a gidansu, ba zai koma ba sai an yi arba'in.

Washegari da asuba na kama hanyar Kano. A tunanina abin mai sauƙi ne. A tasharmu babu ranar da ba a ba direba saƙo, magani ko wasiƙa ko ɗinki, kuma ya isa. Na tsaya a ƙofar masu tafiya a filin jirgi, na tari wani dattijo mai jaka biyu, na gaishe shi na yi masa bayani.

Ya ja jakarsa baya. "Malam, ko allura ce ba na karɓa."

"Fasfo ne, ga shi ka buɗe ka gani."

"Shi ya fi muni. In aka same ni da fasfo biyu kai za ka zo ka amsa?"

Na tari wata Hajiya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, da furfurarka? Haka ake ɗaure bayin Allah a ƙasar mutane da 'riƙe min wannan'." Mutum bakwai na tara. A na bakwai wani ma'aikaci ya zo ya ce in matsa, an kai ƙarata. Ni da in na shigo tasha direbobi ke miƙewa, aka raka ni har bakin titi kamar ɗan sane. Shi ma'aikacin ne ya tausaya ya kwatanta min kamfanin aika saƙo a cikin gari. Na je na aika. Kwana tara ya yi a hanya.

Ya isa izini ya riga ya ƙare. Sabunta wanda ya ƙare kuwa ba kamar na mai sauran kwana ba ne, ya yi makonni yana bin layi. Kafin ya samu an rufe rajista. Makaranta ta ce sai baɗi. 'Yan ajinsa suka wuce, shi ya zauna a ɗaki.

A tasha aka yi ta tambayata ina labarin ɗan Masar. Na ce matsalar takardu ce. Wani tsohon direba ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu ke nan, ka ba su takarda su yi sakaci." Aka ce haka ne. Ni ma ina zaune, ban ce a'a ba. Na fi jin kunyar wannan shirun a kan rakiyar da aka yi min a filin jirgi. Mahaifiyarsa ta san komai. Ta ajiye min tuwo a daren ta ce, "Yaron nan bai taɓa saɓa maka ba, Malam," ta koma ɗaki.

Yanzu in wani ya zo ɗansa zai tafi karatu waje, nakan ce yaro ya riƙe fasfonsa da kansa, ya yi kwafi, ya haddace ranar da izininsa zai ƙare, ya kuma bi abin da makarantar ta rubuta ko da ya saɓa wa na gida. Ba na faɗin inda na koya.

Ranar da aka buga masa sabon izini ya kira ni. Na shirya abin da zan ce tun dare, na jera shi ɗaya, biyu, uku. Ya gaishe ni, ya tambayi bayana, ya tambayi damina. Na buɗe baki na ce, "Shekarar nan..."

"Ba komai, Baba. Zan yi amfani da ita in gyara Larabcina."

Sannan ya ce, "Baba, fasfon yana wurina yanzu. In shi yayan nan na Gagarawa ya dawo, in mayar masa ne, ko in riƙe?"

Ba gatse yake yi ba. Na san muryarsa. Tambaya yake yi, yana jiran umarni.

Na ce, "Riƙe abinka."

Ya ce, "To, Baba."