Jan Goron Baba a Jikin Hatimi

Shekara talatin Inna tana yi wa Baba faɗan goro. Duk abin da ya taɓa sai ya bar masa ja, har takardar gonarmu ta fadamar Bungudu, wadda yake ɓoyewa cikin gwangwani kamar zinariya.

Wata rana wani ɗan kasuwa daga Tsafe ya zo da takarda fes, wai kakanmu ya sayar wa mahaifinsa gonar nan. Ga hatimin maigari a jiki, babu maraba da na takardarmu. Gonar kuwa ita ke ciyar da mu. Na tsorata ƙwarai.

Da magana ta kai kotu, alƙali ya ce a kai takardun biyu Gusau, wurin wata mai binciken takardun jabu da kwamfuta. Ni na raka Baba, yana ta mita.

"Wagga na'ura ta taɓa riƙa hauya? Mi ta sani ga gonata?"

Matar ta yi murmushi, ta ɗauki hoton takardun, ta ƙara girman hatiman har kowanne ya cika allo. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya, suka hau daidai. Ta ce hannu ba ya buga hatimi sau biyu ya fito iri guda. An yanko namu ne daga hoto, aka manna a sabuwar takarda. Sai ta nuna wani ɗigo ja a gefe, a jikin duka biyun.

"Baba, kana cin goro?"

Baba ya gyara hula. Ɓarawon ya kwafi hatimi, ya kwafi har goron Baba bai sani ba. Na yi dariya har da hawaye, ina tunanin bakin Inna ya mutu ke nan.

Sannan matar ta ce, "Wa ka taɓa ba takardar nan ya ɗauki hotonta?"

Baba ya juyo ya dube ni. Ni ma na tuna. Bara Kawu, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki hotonta da waya, wai don rajistar taki.

A mota Baba ya ce, "Kak ki hwaɗa ma Innarki."

Gonar ta tsira. Baba bai taɓa yi wa Kawu maganar ba. Har yau, in an yi girbi, yana ware masa buhun dawa. Sai dai ya daina kai masa da kansa, ni ake aika.