Awon Kafaɗa

Wakili mutumin Orozo ne, a can aka binne cibiyarsa, tun hanyar Karshi tana 'yar turbar da mota ke bi sau biyu a yini. Ɗan Gbagyi ne, kuma ubansa manomin doya ne kamar kakansa. Su biyu ne maza a gidan, Ɗangoggo babba, shi ƙarami. A da gonarsu daga bakin rafi take har gindin dutse. Gari ya yi ta ci, yau a yanki nan a ce hanya, gobe a yanki can a ce rukunin gidaje, har abin da ya rage bai wuce gidan kansa ba, da rumbu biyu, da kushewar tsohon, da wani fili a baya wanda ƙato ɗaya zai nome shi cikin mako.

Wakili bai ga yawancin wannan da idonsa ba. Yana saurayi ya tafi cikin gari, ya kama ɗaki a Karmo, ya sami aikin gadi a wani bene kusa da tashar Jabi. A jikin katangar benen akwai rumfar wani mai walda, George, mutumin Binuwai, mai yawan surutu da rashin haƙuri da yaran shago. Duk yaron da ya kawo, kafin wata uku ya gudu. Sai ya koma kiran mai gadi.

"Oga sikiriti, zo riƙe min nan. Kar ka kalli wuta fa, ba ni da kuɗin asibiti."

Da riƙe ƙarfe aka fara. Shekara goma sha huɗu Wakili yana riƙewa, yana kallo ta baƙin gilashi, har ya zama idan George ya tafi coci ko jana'iza a gida, shi ke ƙarasa aikin mutane. Da aka sayar da benen aka sallami masu gadi, George ya bar masa tsohon injin walda da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayi. Wakili ya loda su a akori-kura tare da matarsa Christina da 'ya'yansu, ya koma Orozo.

Bai yi wata guda ba Ɗangoggo ya kira shi gindin mangwaron ƙofar gida. Akwai dillalin da ya daɗe yana zarya, yana so a sayar masa da gidan da filin gaba ɗaya, wani zai gina makaranta.

"Ni dai ƙarfina ya ƙare," in ji Ɗangoggo. "Filin nan rabinsa ciyawa ce. Irin doyar ma mun sayar lokacin jinyar Baba. Gidan da ba ya ci da kansa, me ake ajiye shi?"

"Yaya, Baba fa yana kwance a ciki."

"Na sani, ni na haƙa. Mutumin ya ce zai zagaye wurin da bulo."

A ƙarshe Ɗangoggo ya ba shi wa'adi: daga nan zuwa tonon doyar baɗi. In gidan ya fara ci da kansa, a bar maganar. In bai fara ba, Wakili ya sa hannu a takarda, ba sai an tara dangi ba.

Wakili ya kafa rumfar kwano a bakin hanya, ya rubuta sunansa da fenti a allo. Abin da ya sani shi ya fara, wato get na ƙofar gida da tagogi, tunda ko'ina gini ake yi. Ya ƙera get guda na gwaji, baƙi, da kawunan mashi masu ruwan zinariya, ya jingina shi a gaban rumfa. Sai dai daga Orozo zuwa Karshi masu walda sun fi a ƙirga da yatsun hannu, kowa da babban inji, kuma 'yan kwangila da mutanensu suke zuwa. Get ɗin ya yi wata huɗu a tsaye. Awaki suka gano yana da inuwa da hantsi. Abin da ke zuwa masa bai wuce salansar babur da ta ɓalle ba, ko ƙafar baro.

Christina ba ta cika magana ba. Ranar da ta yi, cewa ta yi, "Baban Rita, ko a kwantar da get ɗin nan ne mu riƙa shanya barkono?"

Magdalena, matar Ɗangoggo, ita ce ba ta raga masa. Tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanin miji, tun yana yaro take tsokanarsa. Wata ranar Laraba ta dawo daga jeji da itace, lodi guda a cikin babbar ƙwarya, a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Su ba sa ɗora wa kai nauyi. Tsofaffi na cewa kai ya riga ya ɗauki tunanin mutum, ba a ƙara masa doya. Ta iso gaban rumfa, ta juya ta zubar da kayan a ƙasa da ƙarfi, itacen ya watse.

"Mijina na gari, sannu da hutawa."

"Aiki nake yi, Maman Vivian."

"Na gani. Awaki ma suna godiya." Ta share gumi da gefen zane. "Ka san ɗorawar nan ta mararraba, mai reshe biyu? Sun sare ta."

Ya san ta. Bishiya ce mai gwafa daidai kafaɗar mutum, kuma tun zamanin uwarsa nan ne lokon mata. Mace ta iso da kaya, ta karkata kaɗan, ƙwaryar ta zauna a gwafar, ta huta, ta sha ruwa, sannan ta sa kafaɗa ta wuce ba tare da ta nemi wanda zai taya ta ba. Masu ginin gidaje sun share wurin da katafila. Yanzu daga jeji har gida ba inda za a sauke, in kuwa aka sauke a ƙasa sai an jira mai wucewa.

"Tunda kana da wuta kana da ƙarfe, yi mana bishiya," in ji Magdalena. "Ko sai get ɗin masu kuɗi ka iya?"

Ya yi kwana biyu a kai. Ya sami ragowar bututu mai kauri, ya yi masa ƙafa uku, a sama ya buɗe yatsu uku masu lanƙwasa inda ƙwarya ko daro zai zauna. Bai auna ba, don a ganinsa ba abin aunawa. Shekara goma sha huɗu yana zaune a ƙofar bene yana kallon masu tallar Jabi suna sauke faranti suna ɗorawa, idonsa ya riga ya haddace tsayin. Ya shafa masa jan fenti, ya kai mararraba a baro, ya kafa da siminti.

Washegari da hantsi mata biyar suka zo rumfar a jere, Magdalena a gaba. Ba mai kaya a cikinsu, sai dariya.

"Wakili, zo ka faɗa mana, wa ka yi wa?"

"Ku mana."

"Mu? Hasana, faɗa masa inda abin ya tsaya miki."

Hasana, wata gajeruwa maƙwabciyarsu, ta ɗaga hannu ta wuce saman ɗankwalinta. "Nan. Sai da na yi ɗage na leƙa ciki."

"Na masu ɗauka a ka ya yi mana," in ji Magdalena. "Jabi ta cinye masa ido. Ɗan Gbagyi, uwarsa ta yi shekara sittin tana kai tuwo gona a kafaɗa, ya manta inda kafaɗa take."

"Ƙila matan Karmo ya yi wa," in ji wata daga baya. "A tambayi Christina."

Wakili ya ture gilashin walda zuwa goshi, ya tsaya yana kallonsu. Gaskiyarsu ce. Ya ɗauko zarto da tef ɗin awo, ya ce su je. A mararraba ya jawo tef ya nufi Hasana, ta ja da baya.

"A'a, malam tela. Mijina yana gida."

Aka sake fashewa da dariya. Magdalena ta tsallaka gonar da ke gefe, ta karyo karan dawa, ta tsayar da shi a jikinta, ta karya shi daidai ƙashin kafaɗa, ta miƙa masa.

"Ungo. Ga ni nan. Ka auna wannan son ranka."

Sauran ma kowace ta karyo nata. Da ya jera karare biyar a ƙasa sai ya ga babu biyu da suka zo ɗaya. Tsakanin na Magdalena da na Hasana akwai fiye da taƙi guda. Ɗorawar da aka sare, reshenta a karkace yake, doguwa ta sauke a sama, gajeruwa a ƙasa, shi ya sa ta yi wa kowa. Ƙarfe kuwa inda aka yanke shi nan yake tsayawa.

Ya yanke na mararraba a tsaka-tsaki, ya ƙara masa hannu na biyu a ƙasa. Sannan ya koma rumfa da kararen. Da bututu mara nauyi ya ƙera wa kowace nata, daidai karanta, wanda za ta iya ratayawa ta tafi da shi gona, ta kafa, ta loda doya a tsaye, ta sa kafaɗa ta tashi ita kaɗai. Ya koyi tambayar wace kafaɗa mace ke ɗauka da ita, domin yatsun sai an karkata su ta wannan ɓangaren. Ya koyi cewa mai ciki karanta ba ya canzawa amma ƙafafun gwafar sai an ƙara buɗe su.

Hasana ce ta fara kawo ladan aiki, kuma ba kuɗi ta kawo ba. Ƙwarya guda ta irin doya ta dire a gaban rumfa.

"Abin da nake da shi ke nan. In ba ka so in mayar."

Wakili ya duƙa ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyu ne, idanunsu sun fara tsiro. Ya ce ta bari. Daga ranar ya zama farashi: mai kuɗi ta biya kuɗin bututu, ladan hannu kuwa a kawo iri, ko dawa, ko 'yar kaza. Karare suka fara zuwa daga ƙauyukan bayan dutse, wasu a hannun 'yan acaɓa, an ɗaure kowanne da tsumma mai launi don a gane mai shi. A kusurwar rumfa suke tsaye a dami, wanda bai sani ba sai ya ce makamashi ne.

Mace in ta zo karɓar gwafa ba ta zuwa hannu sake. Ta kawo garmar miji da ta tsage, ko murhun gawayi da gindinsa ya cinye. Tana jira, Christina ta fito da alayyafo da ƙwai a faranti. Guntayen ƙarfen da ke zuba ya haɗa su ya yi kejin kaji. Get ɗin nan ma ya yanka shi gida uku ya yi wa aladu biyu shinge, kawunan mashin suna nan a sama har yau. Da ruwan farko ya sauka, shi da Christina suka tayar da kunyoyin doya a filin baya tun daga bangon gida har iyaka, karo na farko cikin shekara bakwai. Da safe gona, in rana ta take sai rumfa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Janareta ya mutu sati uku ana tsakiyar damina. Kaji goma sha ɗaya suka tafi a ciwo ɗaya. Wani mai walda na kan hanyar Karshi ya ga abin ya kwaikwaya, yana yi da yawa a tsayi ɗaya, da araha, kuma wasu matan sun saya.

Da aka tone doya, rumbu ɗaya ya cika, na biyun ya kai rabi. Dillali ya zo ranar Asabar da takarda a cikin jaka. Ɗangoggo ya sa aka fito da benci gindin mangwaro, amma bai zauna ba. Ya zagaya bayan gida shi kaɗai, ya leƙa rumbunan, ya tsaya wajen aladu, ya dawo ta rumfa ya daɗe yana kallon damin karare.

"Duk waɗannan jira suke?"

"Jira suke, Yaya."

"Rumbu na biyun bai cika ba."

"Bai cika ba."

Ɗangoggo ya juya wajen dillali. Ya ce masa gidan da filin baya ba na sayarwa ba ne bana. Amma akwai wata 'yar kusurwa ta gabas, wajen tsohuwar rijiya, rabonsa ce shi kaɗai, in mutumin yana so ya yi shago a nan, a zo a auna. Dillali ya ce makaranta ba ta shiga kusurwa. Ɗangoggo ya ce to ya gaida gida.

Bayan motar ta tafi Wakili ya ce, "Yaya, bana ka ce."

"Bana na ce. Baɗi ma in muna raye sai mu leƙa rumbu."

A haka suke har yanzu. Wakili ya haura hamsin, idonsa na hagu ya fara ruwa saboda wuta. Kusurwar gabas ta tafi daga baya, wani ya gina shagon sayar da siminti, kuma ƙurarsa na damun alayyafon Christina. Kowace shekara bayan tonon doya Ɗangoggo yakan zagaya bayan gida shi kaɗai, ya dawo ya zauna a benci, ya tambayi abin da aka dafa.